Tambayi Likita: Rauni, Asibiti da Tsoron Rasa 'Ya'ya

Tambaya: Likita, aurena ya mutu bara, yara suna hannuna. Shekaranjiya ruwan zafi ya zubo wa ƙaramin a cinya, wurin ya ɗuri ruwa. Na shafa man goge baki. Ina tsoron asibiti, kada dangin ubansa su ji su ce ban iya riƙo ba. (Wata uwa daga Gusau)

Amsa: Baiwar Allah, ki kai shi yau, kada rana ta faɗi. Ƙunar da ta ɗuri ruwa a jikin ƙaramin yaro sai an wanke ta an rufe, a duba ko ya cika allurar tetanus. Kada ki fasa wurin. Man goge baki, ɗanyen ƙwai da manja ba sa warkarwa, datti suke ƙarawa. Abin yi tun farko shi ne a zuba ruwan sanyi mai tsabta na minti 20. Batun riƙo kuwa, a mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi, uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji. Sakaci na daga cikin abubuwan da ke raunana wannan haƙƙi, kuma ciwon da aka ɓoye har ya ruɓe shi za a kira sakaci. Katin asibiti mai kwanan wata shaida ce a gare ki.

Tambaya: Maigidana ya shaƙe ni jiya, muryata ta dishe, haɗiyar yawu ma da ƙyar. Ya ce in na faɗa wa kowa zai sake ni ya ƙwace yara. (An sakaya suna)

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ta fi tayar mini da hankali. Ko babu shaida a fata, maƙogwaro na iya kumbura daga baya ya toshe numfashi, jijiyar jinin wuya kuma in ta taɓu tana iya jawo shanyewar ɓarin jiki bayan kwanaki. Ki je sashen gaggawa yanzu, ki gaya wa likita ainihin abin da ya faru, ke kaɗai a ɗaki. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana mu fitar da sirrin majinyaci sai da yardarsa ko umarnin kotu ko inda doka ta tilasta. Mijinki ba shi ke yanke hukuncin riƙo ba, alƙali ne. Ki nemi Ƙungiyar Lauyoyi Mata ta FIDA, in kuma ya sake yunƙurowa ki kira lambar gaggawa ta 112.

Tambaya: Ɗana ya karye a hannu a gidan uwarsa da muka rabu. Ina son rahoton likita in kai kotu. (Wani uba daga Zariya)

Amsa: Malam, abin da muka gani kaɗai muke rubutawa. Yara suna faɗuwa a gaban kowa, in kuma rauni ya yi kama da na duka ba ma rufa shi. Yanzu dai a yi masa hoton ƙashi kafin a kai wa mai ɗori, domin ɗaurin da ya matse yana tsayar da jini har a rasa hannu. Ku kai shi tare da mahaifiyarsa, ita ta ga yadda ya faɗi.