Faifai ko YouTube, ina zan kai fim ɗina?

Malam ka ce ka gama ɗaukar gajeren fim a Samaru, kana tambaya ka buga faifai ne ko ka ɗora a intanet. Gaskiya maganar faifai ka manta da ita, leƙa Sabon Gari ka ga shagunan sidi nawa suka rage. Buɗe tasha a YouTube kawai, ka yanka fim ɗin kashi-kashi kana saki duk sati rana ɗaya, sai ka ciro inda ya fi daɗi kamar sakan 30 ka watsa a TikTok da WhatsApp, can jama'armu suke wallahi. Amma fa kar ka sa ran kuɗi da wuri, kafin YouTube su fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Data na tsada, kar ka ja kowane kashi da tsawo. Kuma kar ka sa waƙar wani ba izini, kuɗin tallan wurinsa zai tafi.