Amsa: Ƙwai dubbai, amma ƴaƴan tarwaɗa na fitowa a karkace

Malam, ka ce tarwaɗa ɗaya tana ba ka ƙwai dubbai, to me ya sa ƴaƴan ke fitowa da karkataccen baya, ba sa girma? Ka fara duba ruwa da abinci. In ruwan da abincin lafiya lau suke, to mai yiwuwa auren zumunci ne ya yi yawa tsakanin kifayen tafkinka.

Yawan ƙwai ba ya ƙara bambancin jini, yawan iyaye ne ke ƙara shi. Tunda sai an farke namiji kafin a samu maniyyinsa, masu ƙyanƙyasa kan yi rowa, namiji ɗaya ga mata 20. Lissafin da masana ke yi don gano ainihin yawan iyaye shi ne: maza sau mata sau 4, a raba da jimillarsu. Da wannan lissafin, namiji ɗaya da mata 20 ba su kai iyaye 4 ba, kuma kusancin jini na ƙaruwa da kusan kashi 13 cikin 100 a kowane zubin da aka ɗebi iyayensa daga ƴaƴan na baya. Maza 10 da mata 10 kuwa iyaye 20 ne cif, kashi 2 da rabi kacal.

A daji tarwaɗa ba ta shiga wannan halin. Tana shaƙar iska, tana jan ciki cikin laka da damina, ta bi ambaliya daga gulbi zuwa tafki, jini ya gauraya. Karfasa ta fi saurin lalacewa in an killace ta, domin tana balaga cikin ƴan watanni, ƴa ta hayayyafa da ubanta.

Ka nemo maza wajen masunta a tafkin Madarumfa da ke jihar Maraɗi a Nijar, amma ka keɓe su mako biyu saboda cuta. Kada ka zaɓi iyaye daga uwa ɗaya don kawai sun fi ƙiba.