Fostin, logbuk da furojet: amsoshin tambayoyin ɗaliban fannin lafiya

Assalamu alaikum. Ina aji uku a sashen nazarin ƙwayoyin cuta, kuma zangon nan za mu fita SIWES, wato horon aiki a wajen makaranta, na wata shida. Na samu gurbi a wurare uku: lab ɗin asibitin koyarwa, babban asibitin garinmu, da wani lab mai zaman kansa da ya ce zai riƙa ba ni kuɗin mota. Wanne zan ɗauka? Daga wata ɗaliba a Gusau.

Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Kada sunan wuri ko kuɗin mota ya yanke miki hukunci. Abin da za ki nema shi ne inda hannunki zai taɓa aiki, kuma akwai mai lasisi tsaye a kanki yana gyara miki. Hukumar ITF, mai kula da horar da ma'aikata, ta kafa SIWES a 1973 saboda korafin cewa ɗalibai suna fitowa da karatu a ka amma hannu bai san aiki ba. To wata shidan da za ki yi kina leƙe ta bayan kafaɗar wani bai biya wannan buƙata ba.

Asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano ko na Shika ko na Usmanu Danfodiyo, ya fi kowa cikar ɓangarori: gwajin jini, bankin jini, sinadaran jiki, ƙwayoyin cuta, tsutsotsin ciki, da binciken tsokar da aka yanko. Matsalarsa cunkoso. Akwai ɗaliban kimiyyar lab na jami'ar kanta, ga masu horon shekara guda bayan kammalawa, kuma duk suna gabanki a layi. Babban asibitin jiha kuwa ma'aikata ba su da yawa, samfur kuma ba ya yankewa, don haka cikin sati biyu za a iya miƙa miki silaid a ce shafa. Haɗarinsa shi ne ki koyi gajeriyar hanya ki ɗauka ita ce ƙa'ida. Lab mai zaman kansa iri biyu ne: akwai na gaske mai kayan aiki, akwai kuma wanda duk harkarsa ba ta wuce tsinken gwajin maleriya da na ciki da gwajin taifod na Widal ba. A irin na biyun, abin da za ki koya ba zai kai sati uku ba, ragowar kwanakin rasit za ki riƙa rubutawa.

Zuwa da kai ya fi saƙo. Ki je kowannensu da misalin ƙarfe goma na safe, lokacin da aiki ya kankama, ki duba da idonki. Suna shuka samfur a faranti su gwada maganin da ke kashe ƙwayar, ko turawa suke wani wuri? Idan suna yi, na'urar ɗumama farantin tana buƙatar ta tsaya a digiri 37 dare da rana, don haka ki tambayi abin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta. Madubin ƙara girma nawa ne ke aiki? Suna duba maleriya a silaid da rinin Giemsa, mai kauri da marar kauri? Ana yin rinin Gram, na rarrabe ƙwayoyin cuta, kullum? Akwai kwalin zuba allura a kowane tebur? Sannan tambaya mafi muhimmanci: wa zai sa hannu a logbuk ɗinki, wato littafin rubuta aikin kullum, kuma yana da lasisin MLSCN, hukumar da ke kula da masu aikin lab ɗin asibiti?

Shawararmu: in sashenku ya yarda a raba, ki yi wata huɗu a babban asibiti, wata biyu a asibitin koyarwa don ganin abin da babu a can. Amma ki samo yardar jami'in SIWES na sashenku a rubuce tun kafin ki motsa, domin malamin da zai zo duba ki adireshin da kika bayar zai nufa, in bai same ki ba kuwa, rashin zuwa zai rubuta. Takardar shaidar fara aiki ki kai ta ofishin ITF mafi kusa a makonnin farko. Logbuk kuma a cika shi kullum, a sa hannu duk ƙarshen mako. Wanda aka cika dare ɗaya da biro ɗaya ba ya ɓuya ga mai dubawa. Ki rubuta abin da kika yi da adadinsa, misali "na shafa silaid 12, na rina 8, biyu sun wanke saboda ban bari sun bushe ba", maimakon "na ga yadda ake gwajin maleriya".

Abu ɗaya da ya kamata ki sani tun yanzu, ko da ba shi kika tambaya ba: digirin nazarin ƙwayoyin cuta ba ya ba da lasisin fitar da sakamakon marar lafiya a Najeriya, komai yawan watannin da aka yi a lab. Don haka ko an matsa miki, kada ki sa hannu a takardar sakamako.

Ɗana zai shiga aji huɗu a karatun likita, za su fara shiga wad. Ya turo mini jerin kaya, har da abin sauraren ƙirji na Littmann, kuɗinsa ya ba ni tsoro. Dole ne sai shi? Daga wani uba a Azare.

Alhaji, ba dole ba ne. Littmann Classic III kaya ne mai kyau, yana da garantin shekara biyar, in da hali ba asara ba ce. Amma a shekarar farko ta wad kunnen yaro ake horarwa, kuma matsakaicin abin saurare mai kai biyu na ƙarfe ya isa ya ji bugun zuciya da ƙarar huhu. Abin da muka fi jin tsoro shi ne jabu: a karɓi kuɗi mai yawa a ba shi kwali mai sunan Littmann, cikinsa na banza. In aka ce maka ga shi a kashi ɗaya bisa huɗu na farashin da manyan shagunan kayan asibiti ke sayarwa, bar musu abinsu.

Ya je da kansa ya gwada kafin a biya. Ya sa a kunne, bakin yana kallon wajen hanci, ya ɗan taɓa fatar kan da yatsa. Ya juya kan ya ji ya faɗa mazauninsa, ɓangare ɗaya ya buɗe ɗayan ya toshe. Ya lanƙwasa robar ya ga ko tana tsagewa, robar kunnen kuma ta zama mai laushi mai rufe kunne ruf, domin ta nan sauti ya fi zurarewa. Bayan an saya, kada ya bar shi cikin mota a rana, kada ya riƙa rataya shi kan fatar wuya kai tsaye, maiƙon jiki na sa robar ta ƙage. A goge shi da auduga da sifirit mai ƙarfin kashi 70.

Sauran kayan ba su da tsada kuma sun fi yawan amfani: farar riga biyu, ƙaramar tocila ta duba ido da maƙogwaro, gudumar gwada jijiya, tef na awo irin na tela, agogo mai hannun daƙiƙa don ƙirga bugun jini, da rufaffen takalmi. Abin awon hawan jini na hannu, mai famfo da agogo, ya fi masa mai batir a yanzu, don da shi za a jarraba shi. Ya lura da girman ɗamarar: in ta yi wa dantse kaɗan, awon zai fito sama da gaskiya. Na'urar duba cikin ido da kunne kuwa a dakata da ita, ana samu a kilinik.

An ce sai mun yi allurar ciwon hanta kafin fostin, amma saura sati biyar mu fara. Akwai amfani? Daga ɗalibar aikin nas a Maiduguri.

Akwai, ki fara gobe. Allurar ciwon hanta nau'in B sau uku ake yi: yau, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Kin ga za ki samu biyu kafin ki shiga wad, wanda ya fi babu nesa ba kusa ba, amma kariya ba ta cika sai da ta ukun, kuma ita ce ɗalibai suka fi mantawa. A fara yi miki gwajin HBsAg don a tabbatar babu cutar a jiki. Wata ɗaya zuwa biyu bayan ta ƙarshe a auna garkuwar, ana son ta kai 10 ko sama a ma'aunin mIU/mL. Najeriya ta sa wannan allura cikin rigakafin jarirai a 2004, saboda haka ki tambayi mahaifiyarki ko katinki yana nan. In babu kati, a ɗauka ba a yi ba.

Dalilin matsawar shi ne, in allurar da aka yi wa mai ciwon hanta B ta soki wanda ba shi da rigakafi, yiwuwar kamuwa kan iya kai kashi 30 cikin 100, alhali ta ƙanjamau wajen 3 ce cikin 1,000. Sau da yawa kuma wajen mayar wa allura murfinta sukar take faruwa. Kada ki mayar, jefa ta kwali kai tsaye. In tsautsayi ya faru, ki wanke da sabulu da ruwa mai gudu, ban da matsewa, ban da tsotsa, ban da bilic. Ki gaya wa sistar da ke kula da wad nan take, ko da kina tsoron faɗa. Maganin kariya daga ƙanjamau ana so a fara shi cikin awannin farko, ba ya wuce awa 72, kuma kwana 28 ake sha. Ɓoyewa zuwa Litinin shi ne kuskuren da ba ya gyaruwa.

Ina ajin ƙarshe a sashen lafiyar al'umma. Ina son furojet ɗina ya zama kan yawan ciwon ƙoda a jiharmu, amma wata huɗu kawai gare ni. Wani kuma ya ce zai rubuta mini gaba ɗaya in biya shi. Ina mafita? Daga wani ɗalibi a Damaturu.

Batun da ka zaɓa yana da muhimmanci, amma ya fi ƙarfin wata huɗu da aljihun ɗalibi. Auna yawan ciwon ƙoda na nufin ɗibar jini da fitsarin ɗaruruwan mutane, kuma ba a kiran ciwon ƙoda mai daɗewa sai matsalar ta kai wata uku, wato sai ka sake gwada su. Ka rage shi ya zama tambaya ɗaya, a wuri ɗaya, kan rukunin mutane ɗaya. Misali: cikin masu hawan jini da ke zuwa kilinik ɗin asibiti kaza, nawa ne aka taɓa yi wa gwajin ƙoda cikin shekarar da ta wuce, kuma nawa ne ke shan maganin ciwon jiki irin su diclofenac ba da umarnin likita ba? Wannan da takardar tambayoyi da fayil ɗin marasa lafiya za ka amsa shi, kuma sakamakonsa zai yi wa asibitin amfani.

Inda ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne lissafin lokaci. Ba a fara tattara bayani sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, na asibiti ko na ma'aikatar lafiya ta jiha, kuma waɗannan kwamitoci ba kullum suke zama ba. Ka ware musu sati huɗu zuwa shida. Za su nemi tsarin bincikenka, takardar tambayoyi, takardar neman yarda da Turanci da kuma harshen da mutanen ke ji, da wasiƙar malamin da ke duba ka. Wasu na neman shaidar horo kan ɗa'ar bincike, ana samun ta kyauta a shafin TRREE. Bayanan da aka tara kafin amincewa, mai jarrabawa na da ikon watsar da su.

Adadin mutane kuma kada ka kwafi 384 don ka gan shi a furojet ɗin na gaba da kai. Wannan adadi yana fitowa ne idan an ɗauka rabin mutane na da abin da ake nema, da kuskuren kashi 5, cikin jama'a mai yawa. In binciken baya ya nuna kashi 20 ne, adadin zai sauko 246. In kuma duk masu rajista a kilinik ɗin 600 ne, gyaran ƙaramar jama'a zai mayar da 384 zuwa 234. Sai ka ƙara kashi 10 saboda waɗanda za su ƙi amsawa. Bambancin nan sati biyu ne na aiki.

Ka fassara tambayoyin, ka ba wani ya mayar da su Turanci ba tare da ya ga na asali ba, a nan za ka gane inda ma'ana ta karkace. "Ciwon ƙoda" a bakin mutane da yawa ciwon baya ne ko na kwiɓi, in ba ka fayyace ba amsar wata tambaya daban za ka tara. Ka gwada takardar a kan mutum 20 a wani asibitin. Ba sai ka sayi komai ba: KoboToolbox na tattara amsa a waya ko babu intanet, Jamovi na yin lissafin da ake yi da manhajar SPSS kyauta, Zotero na jera maka madogara. Maƙalu kuwa ka duba shafukan PubMed da AJOL, ka kuma tambayi laburaren jami'arku ko suna da shiga Hinari, rumbun maƙalun lafiya a intanet.

Mai rubuta maka kuwa, ka bar shi. Ban da haramcin abin da hukuncin kora, yawanci tsohon aiki yake ɗaukowa ya sauya sunan gari da shekara. Ranar kare furojet tambayar farko ita ce "ta yaya ka zaɓi mutanenka?", ta biyu "ina takardun amsar?". Biyan mai lissafi ya zauna da kai ya nuna maka yadda ake fitar da tebur daga bayananka na gaskiya, wannan babu laifi, in malaminka ya sani.

Na ga tallar fostin na sati huɗu a wani asibiti a ƙasar waje, da kuma kwasa-kwasan intanet masu ba da satifiket. Su ne za su ɗaga ni? Daga ɗalibin likita a Zariya.

Kafin ka biya ko kwabo, ka kai tallar ofishin shugaban tsangaya ka tambaya ko za su lissafa maka makonnin. Ka kuma tambayi masu tallar ko za ka taɓa marar lafiya ko kallo ne zalla, domin da yawa kallo ne, ga biza da tikiti da inshora duk a wuyanka. Hanyar da ta fi tsari ita ce musayar ɗalibai ta IFMSA, ƙungiyar ɗaliban likita ta duniya, wadda ake bi ta NiMSA, ƙungiyar ɗaliban likita ta Najeriya, a makarantarku. Kwasa-kwasan intanet kuwa, ka fara da na kyauta irin na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ka sani babu satifiket ɗin da ke maye gurbin sa hannun babban likita a logbuk. In makarantarka ta tura ka ƙauyen Yakawada fostin ɗin lafiyar al'umma, ka zauna can ka kwana, ka bi masu rigakafi ƙauye, ka roƙi ungozomar da ke aikin dare ta tashe ka in an kawo haihuwa.