Fatawa: Sadaka da Tsohuwar Mota, da Sake Sayenta a Wurin Gwanjo

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya gafarta. Ina zaune a Birmingham ta Ingila. Ina da tsohuwar mota ƙirar MGB ta 1972, mai kujera biyu da rufin tamfol. Na saye ta duk ta yi tsatsa, na shafe shekaru ina gyaranta da hannuna a gareji, ba na fito da ita sai ranar hutu in rana ta leƙo. Yanzu ciwon gwiwa ya hana ni shiga cikinta, ina so in ba wata ƙungiyar tallafa wa marayu ta yi gwanjonta. Zan iya lissafa ta a zakkar bana? Sannan babban ɗana yana so in ba shi kuɗi ya je ya taya, don kada motar ta bar gida. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya ba ka lafiya, ya karɓi niyyarka.

Sadaka da wannan mota halal ce, kuma tana cikin mafi kyawun sadaka, domin abin da zuciyarka ke so ne za ka bayar. Allah ya ce a Suratu Ali Imrana, aya ta 92, ba za mu kai ga alheri ba sai mun ciyar daga abin da muke so. Da ayar ta sauka, Abu Ɗalha ya miƙa lambunsa na Bairuha, wanda ya fi so a duk dukiyarsa. Wanda ya kwanta ƙarƙashin mota yana kankare tsatsa cikin sanyin Ingila ya san abin da yake rabuwa da shi.

Amma ba zakka ba ce. Da farko ma, ita kanta motar babu zakka a kanta, saboda don hawa da nishaɗi ka ajiye ta, ba don neman riba ba. Manzon Allah (SAW) ya ce babu zakka a kan Musulmi cikin dokinsa, malamai suka yi ƙiyasin abin hawa a kansa. Da ka saye ta ne kana jiran farashi ya tashi ka sayar, da ta zama kayan fatauci, hukuncinta daban. Na biyu, zakkar kuɗi da kuɗi ake fitar da ita a wurin mafi yawan malamai. Hanafawa sun yarda a ba da kaya a madadin kuɗi, sai dai ko a wurinsu dole abin ya shiga hannun mabuƙaci ya zama mallakinsa. Maraya kuwa ba maraicinsa ke sa ya ci zakka ba, talaucinsa ne. Motar da za a cire ladan dillali da kuɗin jigila daga cinikinta, ba ka san nawa zai isa ga wanda ya cancanta ba. Ka fitar da zakkarka daban.

Batun ɗanka shi ne inda nake so ka natsu. Sayyidina Umar ya taɓa ba da doki sadaka fi sabilillahi. Wanda ya karɓa ya wulaƙanta dokin, Umar ya ga zai samu da araha, ya yi niyyar saye. Da ya tambayi Manzon Allah (SAW), sai ya hana shi, ko da dirhami ɗaya za a sayar masa, ya kamanta mai komawa cikin sadakarsa da karen da ke komawa ga amansa. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Malikawa sun ɗauki hanin a matsayin karhanci, wasu malamai sun ce haramci ne. Idan kai ka ba yaron kuɗin, motar ta dawo garejinka, makullin ya koma ƙusar da ka saba rataye shi, to wakilinka ne kawai, kai ka saya. Idan da guminsa zai saya, ta zama tasa, babu laifi. Sharaɗi ɗaya: ya taya don yana son saye. Ɗaga hannu don a hura wa wasu farashi shi ne najashi, an hana shi ko da marayu ne za su amfana.

Ni da za ka bi shawarata, tunda ba ka riga ka furta sadakar ga ƙungiyar ba, ka sa masani ya yi wa motar ƙima, ka sayar wa ɗanka a kan farashin kasuwa, ka miƙa kuɗin gaba ɗaya. MGB ba mota ce mai wuyar ƙiyastawa ba: an ƙera sama da rabin miliyan a garin Abingdon na Ingila tsakanin 1962 da 1980, masu cinikinta suna da yawa. Wata fa'idar ita ce tsarin Gift Aid na Birtaniya, wanda ke ƙara wa ƙungiya kwabo 25 a kan kowane fam na kyautar kuɗi, muddin mai bayarwa ya biya harajin da ya kai haka. Karɓar wannan ƙarin halal ne. Kada dai ka rage masa farashi ko ka biya masa a ɓoye ban da 'yan'uwansa. Hadisin Nu'umanu bin Bashir ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya.

Idan kuwa gwanjon ka zaɓa, kada ka yi jinkirin miƙawa. A mazhabar Malik sadaka ba ta cika sai an karɓe ta. In ajali ya riske ka tana nan a garejinka, ta zama gado. Don haka ka damƙa makulli, ka cika takardar rajistar mota ta V5C, ka sanar da hukumar DVLA mai kula da rajistar motoci cewa ta bar hannunka. Ka kuma faɗi aibinta a rubuce. Waɗannan motoci an san su da cin tsatsa a ƙarƙashin ƙofa. In akwai inda ka shafe da fenti, ka nuna wa dillali wurin da yatsanka.

Wallahu a'alam.