Wa'adin MRCOG ba zai jira bikin ƙaninki ba

Wata likita 'yar Najeriya da ke aiki a Saudiyya ta rubuto game da MRCOG, jarrabawar ƙwarewa ta likitocin mata da haihuwa ta Birtaniya: "Shekara 6 ke nan da na ci kashi na ɗaya na MRCOG, amma ban taɓa zama kashi na biyu ba. Duk sanda na tara kuɗin sai wata buƙata ta taso daga gida, bana kuma bikin ƙanina ne. Wani ejan ya ce in biya shi ya sa a ƙara mini wa'adi, ya ba ni tambayoyin da za su fito, ya samo mini aiki a Ingila. Ya zan yi?"

Likita, ƙanwata, matsalarki ta farko lokaci ce. Ƙa'idar RCOG, kwalejin da ke shirya jarrabawar a Landan, ita ce wanda ya ci kashi na ɗaya ya zauna kashi na biyu cikin shekara 7. Ba a ce dole sai kin ci a cikin wa'adin ba, an ce ki zauna. In ya wuce ba ki taɓa shiga ba, sai ki koma kashi na ɗaya daga tushe. Sau biyu ake yin jarrabawar a shekara, Janairu da Yuli, a cibiyoyin jarrabawar kwamfuta na Pearson VUE. Ki duba ranar da ke kan sakamakonki yau, ki yi rajistar zama mafi kusa.

Ejan ɗin nan ɗan damfara ne. Batun wa'adi tsakaninki ne da kwalejin, ta adireshinki na imel, babu ɗan tsakiya. Mun ga waɗanda suka miƙa wa irinsa lambar sirrin asusunsu, ya canza ta, ya ce sai an ƙara kuɗi. Tambayoyin da yake talla kuwa, abin da wasu suka tuno ne bayan sun fito, amsoshin sau da yawa sun tsufa domin ƙa'idojin sun canza, kuma kwalejin na ɗaukar yaɗa su a matsayin maguɗi. Aiki a Ingila kuma ba ya samuwa sai da rajistar GMC, hukumar likitocin Birtaniya, wadda ke neman 7.5 a IELTS ko B a OET (jarrabawar Turanci), da takardar shaidar kyakkyawan aiki daga duk hukumar da kika yi rajista da ita cikin shekara 5, wato MDCN ta Najeriya da hukumar Saudiyya. Wata 3 kacal takardar ke yi, kada ki nema da wuri.

Kashi na biyu takarda biyu ne, kowacce awa 3, tambaya 50 ta zaɓen amsa mafi dacewa da 50 ta EMQ, mai dogon jerin zaɓi. EMQ ce ke da kashi 60 cikin 100 na maki, nan ake faɗuwa. Ki karanta labarin majinyaciyar, ki yanke amsarki, sannan ki leƙa jerin. In kika fara da jerin zai ruɗa ki. Kuma abin da ake yi a Birtaniya suke tambaya, ba abin da hannunki ya saba ba. A jijjigar masu ciki, mu mun taso da allurar magnesium sulphate ta cikin tsoka. Su giram 4 ta jijiya suke so, sannan giram 1 kowace awa har awa 24. A hawan jinin mai ciki labetalol ne farko, ba methyldopa ba. Ki riƙe ƙa'idojin Green-top na kwalejin, da na NICE, hukumar tsara ƙa'idojin jiyya ta Birtaniya, da mujallar kwalejin ta TOG, ki riƙa yin tambaya 50 da agogo a gabanki ko da bayan aikin dare ne.

Sai maganar gida. Zumunci wajibi ne, amma lefe da dina ba su cikin abin da Allah ya ɗora miki. Ƙaninki namiji ne, ya yi bikin daidai ƙarfinsa. Shekara 6 kina jinkirta kanki, na tabbata babu wanda ya taɓa tambayar ki yaushe jarrabawar. Abincin Mama da maganinta kada su yanke. Sauran kuwa, ki kira babban yayanku tun yanzu, ki faɗa masa adadin da za ki iya bayarwa da dalili, ki ce ba ƙari. Za a yi gunaguni. Kuɗin rajista ki biya shi ranar da albashi ya shigo, kafin ki buɗe saƙonnin WhatsApp na dangi.