Ku Tambaya Mu Amsa: Adaftar Hedfon da Ke Girgiɗi

Tambaya: Malam, ina koyon kaɗa kibod, kuma soket ɗinsa babba ne, filogin hedfon ɗina kuwa ƙarami. Na sayi adafta na haɗa su, amma da na ɗan motsa kai sai sauti ya ɗauke, wani lokacin kunnen hagu kaɗai ke ji. Har salatif na naɗa bai hana ba. Ko kibod ɗin ne ya lalace?

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, da wuya laifin kibod ne. Babban soket ɗin nan kaurinsa milimita 6.35 ne, wato rubu'in inci, kuma ya samo asali tun daga allunan haɗa layukan tarho na ƙarni na 19, inda ma'aikata ke wuni suna zarewa suna cusawa. Shi ya sa yake da ƙarko. Ƙaramin na hedfon ɗinka milimita 3.5 ne, wanda ya cika duniya bayan da kamfanin Sony ya fito da Walkman, 'yar na'urar jin kaset, a 1979. Kowannensu lafiyarsa ƙalau shi kaɗai, a wajen haɗin ne matsala ke ɓullowa.

Ka fara da abin da ya fi sauƙi. Ɗauki adaftar ka duba ƙarfenta da kyau, ka ƙirga baƙaƙen zobban da suka kewaye shi. Idan zobe ɗaya ka gani, to ka sayi adaftar da ba taka ba ce. Irin wannan an yi ta ne don sauti mai layi ɗaya, kamar na jita. Hedfon yana buƙatar mahaɗa uku: tsinin baki na kunnen hagu, na tsakiya na kunnen dama, gindin kuma shi ne hanyar da wutar su biyun ke bi ta koma. Mai zobe ɗaya ba ta da na tsakiyar, sai gindinta ya haɗe layin dama da hanyar komawa. Kunnen dama ya yi shiru ke nan, kuma na'urar tana ta tura wuta inda babu abin da zai karɓa, wanda ba alheri ba ne gare ta idan abin ya daɗe. Mai zobe biyu za ka nema.

Idan kuwa zobba biyu ne amma sautin na zuwa yana tafiya, to a cikin adaftar ne. Akwai 'yan siraran ƙarafa a ciki masu danne filogi. A adafta marar inganci, ba a jima suke saki, sai filogi ya riƙa girgiɗi kamar haƙorin da ya kusa faɗuwa. Gwajin ba wuya: cusa filogin a hankali ka saurara. Mai kyau za ka ji ta yi ƙas ta kama, kuma in ka ja kaɗan za ta yi maka gardama. Wadda ke shiga sulul ta fita sulul ta gama aiki, salatif ba zai gyara abin da ya saki a ciki ba, sai dai ya bar maka danƙo a kan ƙarfe.

Akwai wani tarko da mutane da yawa ke faɗawa, ina so ka kula da shi. Wasu hedfon na aikin situdiyo, irin su Sony MDR-7506 da Beyerdynamic DT 770, a gindin filoginsu akwai zaren murɗi irin na jikin noti, adaftarsu kuma murɗa ta ake yi har ta zauna daram. A ganina babu haɗin da ya kai wannan aminci, domin biyun sun koma abu guda. Amma adaftar murɗawa tana da rami a bakinta don zaren ya shiga. Idan ka cusa mata filogi marar zare, sau da yawa jikin filogin zai tokare kafin ƙarfen ya kai ƙarshe, sai ka riƙa jin sauti rabi da rabi. Kuma zaren wani kamfani ba lallai ya dace da na wani ba. Saboda haka duba gindin filoginka: in akwai zare, nemi mai murɗawa da ta dace da shi, in babu, nemi ta cusawa zalla. Kafin ka cusa ko ka zare, rage sauti, don ƙarar da haɗin ke yi tana bugun kunne.

Tambaya: Nawa akasin haka ne. Hedfon ɗina mai babban filogi ne, ina so in sa a kwamfutar tafi-da-gidanka. Na ga wata adafta ta ƙarfe dunƙulalliya, in saya?

Amsa: Ban ba ki shawarar haka ba, 'yar'uwa, kuma a nan ne na fi damuwa, domin asarar ta fi ta farko girma. Ki auna tsawon babban filogi da adaftar idan an haɗa su: sanda ce ta ƙarfe da ta kai tsawon yatsa ko ta fi, duk nauyinta da na igiyar yana rataye a kan ɗan ramin da dalma kawai ke riƙe da shi a jikin allon cikin kwamfuta. Duk lokacin da gwiwar hannu ta taɓa ta, ko igiyar ta maƙale a gefen tebur, ƙarfin yana ninkuwa ya sauka a kan dalmar nan. Ba rana ɗaya take karyewa ba. Da farko sai kin riƙe filogin a karkace kafin ki ji sauti, daga nan sai a buɗe kwamfutar.

Ki nemi irin wadda ke da guntuwar igiya mai laushi a tsakani, ƙaramin filogi a baki ɗaya, babban soket a ɗayan. Nauyin sai ya kwanta a kan tebur, soket ɗin kwamfuta ya huta. In da hali, ki samu ɗan maƙali ki kama igiyar a gefen tebur, ta yadda in an fizga, maƙalin ne zai sha.

Tambaya: Na sa iyafis ɗin wayata a wata rediyo ta hanyar adafta. Kiɗa na fita, amma muryar mawaƙi ta koma can nesa kamar ba ya nan. In na danna maɓallin makirfo sai ta dawo. Me ke faruwa?

Amsa: Ƙirga zobban filoginka, za ka ga uku ne, domin an ƙara mahaɗa ta huɗu saboda makirfo. A yawancin iyafis na yanzu, masu bin tsarin CTIA, hanyar komawar wuta ita ce ta uku daga baki, makirfo kuma a gindi. Tsofaffin wayoyin Nokia da Sony Ericsson sun bi tsarin OMTP, inda aka juya waɗannan biyun. Adaftarka ta mahaɗa uku ce, kuma ƙarfenta ya sauka a kan makirfo maimakon hanyar komawa. Idan haka ta faru, abin da kunne ke ji shi ne bambancin da ke tsakanin hagu da dama kawai. Muryar mawaƙi galibi daidai take a ɓangarorin biyu, sai ta share kanta. Danna maɓallin yana haɗe layin makirfo da hanyar komawa, shi ya sa muryar ke dawowa. Maganin shi ne igiyar da ke raba filogi mai zobe uku gida biyu, ɗaya na kunne ɗaya na makirfo, sannan ka sa na kunnen a adaftar.

Tambaya: Na'urar sautina na da soket na milimita 4.4. Zan iya sa hedfon na milimita 3.5 da adafta?

Amsa: Kada ka yi. A soket na 4.4, haka ma na 2.5 mai mahaɗa huɗu a irin waɗannan na'urori, kowane kunne yana da tasa hanyar komawa dabam, kuma duk suna ɗauke da wuta. Hedfon na yau da kullum hanya ɗaya gare shi, adaftar za ta haɗe biyun, kuma hakan na iya ƙona amfilifayar, wato sashen da ke ƙara ƙarfin sauti. Akasin haka babu laifi: hedfon mai filogin 4.4 zai iya shiga soket na 3.5 da adaftar da aka yi don haka. In kana son amfani da soket ɗin 4.4, sai dai ka canza igiyar hedfon ɗin gaba ɗaya, in irin wanda igiyarsa ke cirewa ne kuma kowane kunne na da wayoyinsa biyu.