Shafi ɗaya, rile huɗu: amsar tambayarka

Ɗana, ka ce ka zana allon rile (makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa) mai layi huɗu a KiCad, manhajar zana sirkit da allonsa, ka yi ƙaramin shafi guda ka kira shi sau huɗu a babban shafi, amma da ka tura zanen zuwa allo sai ka tarar mashigai huɗun duk sun haɗe a waya ɗaya. Har kana tambaya ko ba gara ka koma kwafa da mannawa ba. Kada ka koma. Ko ban buɗe fayil ɗin ba na san inda gizo ke saƙa: lakabin gama-gari ka sa a cikin ƙaramin shafin.

Lakabi iri uku ne a wannan manhaja, kowanne da iyakar inda muryarsa ke kaiwa. Na cikin gida ba ya wuce shafin da aka rubuta shi. Na gama-gari kuwa duk inda sunansa ya bayyana a aikin, waya ɗaya ce, ko shafi nawa ne a tsakani. Kai ka rubuta IN, sunan mashigar layin, da irin wannan, shafin kuma ya fito sau huɗu, to IN huɗu ke nan masu suna ɗaya, manhaja ta ɗaure su wuri guda. Abin da ka ce mata shi ta yi. Wanda kake buƙata shi ne na uku, lakabin da ke hawa sama: ka sa shi a cikin ƙaramin shafi, sannan ka koma babban shafi ka fito da shi a matsayin ƙafa a jikin akwatin da ke wakiltar ƙaramin shafin a can. Sunan da ke ciki da na ƙafar dole su zo daidai, harafi da harafi. Daga nan kowane akwati yana da tasa ƙafar IN, sai ka ja ta farko zuwa wata ƙafar maikurokontirola (ƙaramar kwamfutar da ke ba da umarni), ta biyu zuwa wata, har huɗun.

Ka ɗauki akwatin nan kamar ɗaki mai ƙofa: duk abin da zai shiga ko ya fita, ta ƙofa zai bi, ba ta saman katanga ba.

Yanzu ga dalilin da na hana ka kwafa da mannawa. Kowane layi naka yana da tiranzisto, da rezisto a gindinsa, da rile, da ƙaramar fitila. A ce ka gama, sai ka tuna ba ka sa diyod a kan koyil ɗin rile ba, wanda ke shanye wutar da ke dawowa da ƙarfi lokacin da tiranzisto ya yanke. Ba shi, tiranziston ba zai yi tsawon rai ba. Da kwafi huɗu, sau huɗu za ka gyara, kuma a na ukun ne hannu ke juya diyod ɗin baibai ba tare da ido ya lura ba. Da shafi ɗaya kuwa, diyod 1N4148 guda za ka ajiye, ka duba fuskarsa da kyau, ya bayyana a layi huɗun. Sai dai ka riƙe ɗaya gefen maganar: duk abin da ka taɓa a ciki ya shafi kowa. Ranar da layi na huɗu ya buƙaci abin da sauran ba sa so, ka ware masa nasa fayil, kada ka yi ta dabara.

Akwai tarko na biyu, kuma ya fi na farko ɓuya. Alamomin wuta, irin +5V da GND, su ma gama-gari ne, ko da ba su yi kama da lakabi ba. A allonka na yanzu hakan alheri ne, domin rile huɗun daga wuta ɗaya suke sha. Amma in wata rana ka sa wa kowane layi tasa matatar wuta, ka kuma liƙa alamar wuta a bayan matatar, ka gama haɗe su huɗun, matatun sun tashi a banza. Wutar da ke bayan matata, lakabin cikin gida za ka ba ta. Manhaja da kanta za ta sa sunan akwatin a gaban sunan wayar, ta bambanta ta layi na ɗaya da ta na biyu.

Batun lambobin kayan aiki, kowane akwati na samun nasa, ko da yake zanen ɗaya ne. Wajen raba lambobi ka zaɓi tsarin da ke bin lambar shafi ana ninkawa da 100, yadda za ka ga rezisto R201 a wani layi, R301 a na gaba. Mai gyara da ke riƙe da mita, allo a gabansa, da ganin lamba ya san layin da yake kai. Bayan haka ka kunna ERC, mai binciken kurakuran haɗin wayoyi a zane. In akwai ƙafar akwatin da ba ta da lakabinta a ciki, zai nuna maka.

Abin da manhaja ba za ta koya maka ba shi ne inda za ka yanka. Ni ina duba yawan ƙafafu. Akwatin rile mai ƙafar umarni guda da na fita biyu ko uku, an yanka a gaɓa. In ka ga akwati da ƙafa talatin suna fita ta ko'ina, an yanka a tsakiyar aiki, mai karatu zai yi ta hawa da sauka yana neman waya guda. Haka nan sirkit ɗin da zai zauna a takarda ɗaya a karanta shi sarai, ka bar shi a haka, ba kowane zane ke son akwati ba.

In ka je inda ake aiki da wasu manhajojin, irin Altium ko OrCAD, sunaye ne za su canza, tsarin yana nan. Altium har yana da umarnin Repeat da ke ninka akwati ɗaya zuwa layuka da yawa. A KiCad kuma, daga fitowa ta 9 a 2025, akwai kayan aikin da ke ɗaukar shimfiɗar layi ɗaya a kan allo ya maimaita ta ga sauran. Kafin ka kai can, ka canza IN ɗin nan, ka sake tura zanen, ka danna mashigar kowane layi ka tabbatar ita kaɗai ke haskawa, sannan ka kawo mini mu duba diyod ɗin tare.